Igiyar da Ta Kai Gindin Kwakwa

Ni dai a tashar Tudu na fara gane cewa na bar gida. Motar doya ce ta zube ni a can, cikin Ankara, kamar yadda mutanenmu ke kiran Accra. Ƙafafuna sun kumbura, kunnena na ta ƙara, kuma ba ni da komai sai buhu ɗaya a kafaɗa. A cikin buhun akwai riga, da ɗan bargo, da birgin babana, wato tarun nan na jifa mai dalma a baki. Shi ya saƙa shi, shi ya tufka igiyarsa da hannunsa. Mu Sarkawa ne, masuntan ƙasar Yawuri, kuma a shekarun farin nan kogi ya janye har yara na tsallakawa da ƙafa a inda a da kwale-kwale ke tsoro. Da zan taho ya ce mini, "Mamman, duk inda ka ga ruwa ba za ka kwana da yunwa ba. Amma ka dawo mini da shi." Na ce to.

Ban gama sauke numfashi ba wani mai hular dara ya tare ni da Hausa garau, yana ɗan'uwa, ɗan'uwa. Wai yana da jirgin ruwa da ke neman majiya ƙarfi, amma sai ya gwada ni tukuna. Gwajin shi ne sauke doya. Na sauke doya har bayana ya daina miƙewa, kullum yana ce mini gobe jirgi zai iso. Ran da ban gan shi ba na je wurin mai motar, ya dube ni ya ce ai tuni ya biya maigidana. Na ce wane maigida? Ya yi dariya har da riƙe ciki. Kai, ranar na yi zagi da Hausa, na yi da Dandanci, har na ari na mutanen da ban san yarensu ba. Abin da ya cece ni shi ne da buhun nake matashi, ko bayan gida zan shiga yana kafaɗata.

Wani ɗan dako, mutumin Dosso, shi ya ji tausayina. Ya raba dokununsa biyu, tuwon masaran nan mai tsami da ake naɗewa a ganye, ya ba ni rabi. Ya ce in je Nima in tambayi inda masunta 'yan Arewa suke. Na taka da ƙafa. Nima kuwa gida a kan gida ne, lungu a cikin lungu, babbar kwata na ratsa tsakiya, kowa na jin Hausa amma ba wanda ya san Basarke. Wannan ya tura ni wurin mahauci, mahauci ya tura ni wurin ladan, ladan ya ce in haura Maamobi in nemi gidan Mma Adiza mai soya kifi.

Na same ta a bakin murhu, ƙatuwar mace mai murya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai, wannan yaro, uwanka ya san kana nan?" Na ji wani iri, uwata ce ake ce wa ya. Daga baya na gane haka Hausar Zongo take, mace da namiji duk ya ne, kuma rabin maganar Turanci ce da yaren Ga, 'yan asalin garin. Ta ɗaga murya, "Alu! Fito, ƙasanka ya aiko maka da baƙo."

Baba Alu ya fito yana jan ƙafa. Tsoho ne siriri, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, hannun na lilo. Da ya ji sunan ƙauyenmu sai ya zauna a kan turmi. Ya san kakana. Ya tambaye ni wata tsamiya da ke bakin mashaya ko tana nan, na ce an sare ta tun ina yaro. Ya ce, "To, madalla." Daren ranar ya matsa mini gefen tabarmarsa, kuma bai taɓa tambayata yaushe zan tashi ba.

Shi ya kai ni teku. Jama'a, gani ya kori ji. Ni da nake taƙamar an haife ni a cikin kwale-kwale, na tsaya na ga ruwan da ba shi da ƙetare, yana zuwa yana komawa yana gurnani, na ja da baya. Duk da haka baki bai bar ni ba, na ce a sa ni a jirgi. Aka sa ni. Ba mu wuce inda igiyar ruwa ke fashewa ba na fara amai, na yi ta yi har na ga kore. Masuntan Ga suka dawo da ni a kwance cikin kifi suna waƙa da sunana. Baba Alu ya ce, "Sarkin ruwa, sannu da dawowa. Zo ka kama igiya kamar kowa."

Ga yadda igiya take. Jirgi zai fita da babban taru ya zagaya ya dawo da bakinsa biyu gaɓa, sai jama'a su jeru su yi ta ja, tun hantsi har rana ta take. Al'adar wurin kuwa, duk wanda hannunsa ya taɓa igiyar nan yana da rabo in taru ya fito. Ba a tambayar garinku, ba a tambayar addininka. Zabarmawa, Mosawa, gwauraye mata, mu Hausawa, duk da ita muke ci. Amma fa sai hannunka na kai. In kana kwance a gida, ko kai ka haifi mai tarun, ba ka da ko ƙaya.

Baba Alu ya ja igiyar nan tun yana da baƙin gashi. Da ciwo ya kama shi sai aka bar masa wutsiyarta. Yakan zauna a gindin wata kwakwa can sama da yashi, igiya na zuwa yana naɗe ta da hannunsa mai lafiya. Aikina na farko kowace safiya shi ne in goya shi daga rumfar da muke kwana in ajiye shi a gindin kwakwar, in sa masa igiya a hannu. Rabonsa da nawa mukan haɗa, mu ci kaɗan, sauran mu tara wa Mma Adiza. Ranar Talata ba a shiga teku, doka ce tasu tun kaka da kakanni, don haka Litinin da yamma mukan hau trotro, motar hayarsu, mu koma Maamobi. Ita ta karɓi kifi, ta ba shi tuwo da man zafin da take shafa masa, ɗakin ma da kifin nan ake biya.

Ni fa ban taɓa zama lafiya a garin ba. Kullum ƙafata na ƙaiƙayi. Yau in ce zan tafi Tema, gobe in ce Lome ta fi, jibi in ce gida zan koma ko da ƙasa zan ci. Kifin teku ma bai yi mini ba, na ce gishiri ya kashe masa daɗi, ina zai kama ƙafar ragon ruwa. Mma Adiza ta ce, "Cale, abokina, in bai yi maka ba ajiye, akwai mai ci." Ban ajiye ba. Abin da ya riƙe ni shi ne tunanin wa zai goya tsohon in na tafi.

Bayan unguwar masuntan akwai wani tafki mai ruwan gishiri-gishiri, cike da ƙananan karfasa. Nan ne kaɗai birgina ke aiki, nan ne nake jin ni mutum ne. Sai dai akwai watannin da ake rufe shi. Sarkin tafkin, wani tsoho mai farin ƙyalle da ba ya sa takalmi, zai kafa sanda a baki ya ɗaura mata ganye, shi ke nan ba mai jefa ko ƙugiya har sai kifi ya gama haihuwa. Wannan bai ba ni mamaki ba, mu ma sarkin ruwanmu na rufe gurbi, wato zurfin kogi inda kifi ke taruwa. A shekarar farko da aka rufe ban damu ba, tunda ga igiya.

Shekara ta biyu ce ta zo da tsiya. Kifi ya ja baya a teku. Mu ja taru rabin yini, ya fito da ciyawa da 'yan mitsi-mitsin kifin da ba su kai yatsa ba. Sai ga ma'aikatan gwamnati masu kula da harkar kifi, da wata ƙaramar sanda ta awo, suna zura ta a idon taru. Suka ce idon ya yi ƙanƙanta, yana kwashe 'ya'yan kifi, an hana ja har sai an sake saƙa mai babban ido. Tsakani da Allah, gaskiya suka faɗa. Ni masunci ne, na san wanda ya ci ƙwai ba zai ci kaza ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, a lokacin da suke awon, can bakin sama ga manyan jiragen ƙarfe na kamfanoni suna shara dare da rana. Na nuna wa ɗayansu da hannu na ce, "Su fa, an auna nasu idon?" Ya ce wannan ba sashensa ba ne.

Kuma abin ya faɗo daidai lokacin da aka kafa sanda a tafki. Gaba kura, baya siyaki. Masu taru suna da jiragen da ke shiga can ciki da ƙugiya, su da 'ya'yansu ba su rasa na miya ba, kuma su ke jawo jiragensu gaɓa da kansu, ba sa neman hannun kowa. Mu 'yan igiya aka bar mu muna kallon ruwa. Masu ƙarfi suka watse, wasu dako a Tudu, wasu gini a Alajo. Ni ma na gwada dakon, amma mutane sun fi kayan yawa. Mma Adiza ba ta kore mu ba, Allah ya saka mata, sai dai ita ma kaskonta ya yi sanyi, ga 'ya'ya. Tuwon ya koma sau ɗaya a yini, daga nan ya koma koko. Baba Alu ya ce mu koma rumfarmu ta bakin teku kada mu zame mata kaya. A can na ga tsohon nan yana narkewa. In na goya shi sai in ji kamar buhun ƙaiƙayi na ɗauka, kuma ya fara ce mini ya ƙoshi alhali bai ci komai ba. Tsoro ya kama ni, na ga mutuwa zai yi a hannuna.

To, a garinmu ko an rufe gurbi akwai abin da ake kira kifin miya. In akwai majinyaci ko mai jego a gida, mutum zai je da rana tsaka, ido na ganin ido, ya yi jifa ɗaya tak, ya ɗauki na tukunya ya mayar da saura, daga baya ya gaya wa sarkin ruwa. Ba sata ba ce, kowa ya san da ita. Ni a kaina duk inda ake rufe ruwa akwai wannan ƙofar, in ba haka ba yaya za a yi da marasa lafiya? Ban tambayi Baba Alu ba. Na ɗauki birgi da azahar, na wuce sandar nan mai ganye har ina yi wa matan da ke wanki sannu, na shiga ruwa zuwa gwiwa na watsa.

Kafin in jawo, ihu ya tashi. Matan da na gaisar, su suka fara. Samari suka yo kaina da gudu, wani ya shaƙe ni, wani ya fizge igiyar daga wuyan hannuna har ta sale fata. Ina ta cewa, "Jifa ɗaya ne! Na majinyaci ne!" Wa ya ji? Suka zazzage kifin a ruwa, suka tafi da birgin a ka kamar sun kamo kada.

Washegari aka zauna a kaina a rumfar Ata Kwei, shugaban masuntan gaɓar. Ya yi soja da ƙuruciya, don haka yana jin Hausa irin ta bariki. Sarkin tafki na gefe da farin ƙyallensa, birgina a ƙasa a gabansu. Baba Alu ya ce sai na goya shi zuwa wurin.

Ata Kwei ya ce, "Kai baƙo, ka ga sanda ko ba ka gani ba?"

Na ce na gani. Na kwashe bayanin kifin miya na yi masa, da zafi, har ina buga ƙirji. Na ce wace irin doka ce ba ta da ƙofa? Ya juya wa sarkin tafki da yarensu, tsohon ya girgiza kai. Ata Kwei ya ce, "Nan babu wannan. Yau kai ka jefa ɗaya, gobe mutum ɗari yana da mara lafiya." Hukuncin kuwa, ko in kawo rago da kwalaben giya a wanke tafki, ko a ƙona tarun.

Na juya wurin Baba Alu, ina jiran ya kare ni. Sai ya ce, "Mamman, da ka kawo mini kifin nan, wallahi ba zan ci ba. Na sha ruwan mutanen nan shekara da shekaru, ban taɓa tsallake sandarsu ba. Giya kuma ba ma saye, ko da muna da abin saye." Na ji kamar ya watsa mini ruwan zafi. Don wa na yi?

Amma bai gama ba. Ya sa hannunsa mai lafiya ya ɗago shanyayyen, ya buɗe tafin ya nuna wa Ata Kwei. Duk kanta ce, igiya ta yi hanya a ciki. Ya ce, "Kwei, ka san hannun nan. Tarun babanka ya ja kafin naka. Yaron ya yi laifi, ku yi masa hukunci. Ni tambaya ɗaya gare ni. Ran da gwamnati ta rufe taru, ku kuma kuka rufe tafki, kun zauna a rumfar nan kun yi lissafin kifi, na sani. Wa ya yi lissafinmu? Kifi zai huta ya haihu, madalla. In an buɗe, wa zai rage ya ja muku?"

Wani matashi mai jirgi ya fara magana da faɗa yana nuna manyan jiragen can, Ata Kwei ya ɗaga masa hannu. Ya ce da mu, "Waɗancan ba na iya kama su. Ƙarfina ya tsaya inda jirgina ya tsaya." Suka daɗe suna magana da yarensu, murya na hawa tana sauka, ni ina tsugune ina kallon dalmar birgina ɗaya bayan ɗaya. Na san wacce babana ya fasa haƙori wurin matse ta.

Daga ƙarshe Ata Kwei ya miƙe. Ya ce daga yau har a gama sabon taru, duk jirgin da ya dawo daga cikin teku ba 'yan gida kaɗai za su jawo shi ba. Za a jefo igiya gaɓa, duk ɗan igiyar da ya sa hannu yana da rabo, ko da na tukunya ɗaya ne. Masu jirage suka yi gunaguni, wasu suka tashi suka fita. Sannan ya dube ni ya ce, "Tarunka kuma za a ƙona. Doka doka ne."

A nan bakin yashi suka haɗa busasshen ganyen kwakwa. Na roƙa, ni da ban iya roƙo ba. Na ce su yi mini bulala, su kore ni daga gaɓar, na babana ne, amana ce. Ba wanda ya kula ni. Ana shirin cinna wuta sai ga jirgin farko ya danno, aka jefo igiya, 'yan igiyar da suka rage suka ruga. Igiyar jawo jirgi gajera ce, ba kamar ta taru ba. Na ajiye Baba Alu a gindin kwakwarsa, aka miƙo wutsiyar, ta tsaya can ƙasa, da sauran tazara tsakaninta da shi. In kai shi ƙasa kuwa ba zai yiwu ba, nan ne jirgi ke turowa da ƙarfin ruwa, mai ƙafa biyu ma tsalle yake yi. Tsohon ya miƙa hannu ya kama iska.

Ata Kwei na kallo. Ya zaro wuƙa daga ƙugu, ya taka zuwa inda birgina yake a kan ganye, ya yanke igiyar daga gindinta. Sarkin tafki ya yi magana, Ata Kwei ya amsa masa da Hausa don in ji, "Taru ne ya kama kifi. Igiya bai kama komai ba." Ya miƙo mini ya ce, "Ƙulla."

Na ƙulla igiyar babana a wutsiyar tasu da ƙullin da muke ɗaure kwale-kwale a gida. Na ja ta sama, ta kai, har da ragowar da Baba Alu ya naɗa a hannu. A bayana na ji wutar ta kama, na ji warin zaren. Ban waiwaya ba, hawaye na zuba ina jan jirgin wani. Da aka raba, aka kawo wa tsohon kifi uku a ƙwarya. Na dafa masa da barkono da gishiri, ya shanye romon tas, ya ce in ƙara.

Ya ga buɗe tafki, ya ga sabon taru mai babban ido, ya ƙara damina biyu a duniya. A Maamobi ya cika, a ɗakin Mma Adiza, ita ta sayi likkafani. Bayan addu'ar bakwai ƙafata ta ci gaba da ƙaiƙayinta. Na je gaɓar don in kwance igiyata in tafi, sai na tarar da wata tsohuwa 'yar Ga, makauniya, zaune a gindin kwakwar, igiyar na naɗe a hannunta, jirgi na tahowa. Na juya na bar mata ita.

Na yi Tema, na yi Lome, ban zauna ko'ina ba, har Allah ya mayar da ni Yawuri. Na sami babana a zaune a ƙofar gida, idonsa ya yi rauni. Bayan gaisuwa ya shafa buhuna ya ji shi fayau. Ya ce, "Mamman, ina birgin?"

Na ce, "Baba, sun ƙona shi."

Ya sake shafa buhun. Can ya ce, "Har igiyar?"

Na ce, "A'a. Igiyar tana can tana aiki."